Fuskar Inna Yelwa a Ƙunshin Gishiri

A gidan Yohanna direba, a Sabon Garin Gusau, kowa ya san in aka kawo ƙosai ko gishiri daga kasuwa, ba mai taɓa ƙunshin sai Dibora ta warware shi da hannunta. Takan juye abin a kwano, ta shimfiɗa takardar a cinya, ta duba gaba, ta juya baya, sannan ta yi tsaki ta jefa a murhu. Har ta tsufa idonta ya yi rauni ba ta bar wannan ba. Baƙo yakan ɗauka tsabta ce ta yi mata yawa. 'Yan gida sun san fushi ne, sun kuma san inda ya faro.

Uban Dibora mutumin kudancin Zariya ne. Aikin reluwe ya kawo shi Gusau tun ana shimfiɗa dogo, a nan aka haife ta. Ta yi makarantar mishan har ta iya karanta Turanci daidai gwargwado, amma abin da ya fitar da ita cikin sa'o'inta hannu ne. Tun tana ƙarama in ta sami gawayi babu bangon da ke tsira. Ta zana mahauci da wuƙarsa, ta zana faston cocinsu yana gyangyaɗi, duk wanda ya wuce ya gane. Uwarta ta zane ta da tsumagiya, ubanta ya shige ɗaki yana danne dariya. Fuska ce gwanintarta. In ta zana mutum, za ka faɗi sunansa, ka faɗi gidan da ya fito.

A shekarar 1953 ta auri Yohanna, wanda ke tuƙa motar wata ƙungiyar agaji ta Turawa. Ƙungiyar tana da ɗan ofis mai ɗaki biyu a bayan tashar jirgi, aikinta haƙa rijiyoyi a ƙauyukan da kurkunu ya addaba. Wanda ya zauna karkara ya san kurkunu: tsutsa ce doguwa kamar zare, ana shan ta a ruwan tafki, ta kwanta a jikin mutum har shekara ta zagayo, sannan ta huda ƙafa ta fara fitowa daidai lokacin da ya kamata ya kama fartanya. Masu ba da gudummawar haƙa rijiyoyin suna can ƙetaren teku, ba su taɓa ganin Zamfara ba. Don haka kowace kaka sai an buga musu rahoto an aika: ga abin da aka yi, ga abin da ya rage, a ƙara taimakawa.

Shugabar ofishin wata Baturiya ce doguwa da ba ta rabuwa da laima, ko rana ko ruwa, har sunanta ya ɓace a bakin mutane, sai Mai Laima. Ita ta lura rahoto mai zane ya fi rubutu zalla taɓa zuciyar masu bayarwa. Ranar da ta ga an zana ta da laimarta a bayan wani kwali cikin motar Yohanna, ba ta yi fushi ba, cewa ta yi a kawo mata wanda ya yi. Haka Dibora ta sami aiki.

Aikin ba na fensir da farar takarda ba ne kawai. Akwai wata takarda mai rufin kaki, ana karce ta da alƙalamin ƙarfe, duk inda aka karce nan tawada za ta bi. Sai a ɗaura ta a jikin inji, a riƙa juya hannu, takardu suna fitowa ɗauke da zanen. In an yi kuskure, akwai wani jan ruwa mai wari a 'yar kwalba. A shafa shi a kan layin ya toshe, kamar ba a taɓa zana komai a wurin ba. Juya injin kuwa aikin Sama'ila akawu ne, wani mai yawan fara'a da suke coci ɗaya da su Dibora, wanda shi ke ajiye kaya, shi ke ƙona shara.

Da daminar 1955 ta kama, Mai Laima ta ce bana mace take so a bangon rahoto. Mutanen can sun gaji da ganin maza da guga, a nuna musu mace mai kurkunu a ƙafa. Suka nufi Kekun Waje, inda ake shirin haƙa sabuwar rijiya, domin an ce matar Arzika tana kwance. Arzika babban manomi ne, rumbunansa a jere tun daga bakin hanya ake hango su. Ya tare su a zaure, ya ba su ruwa, ya dubi akwatin hoton da ke rataye a wuyan Mai Laima.

“Wanga akwati bai shiga gidana,” ya ce. “Ita yarinyar ta shiga ta gaishe ta. Abin da sunka yarda tsakaninsu, maganar mata ce.”

Dibora ta shiga da takarda da fensir. Ta tarar da Yelwa zaune a kan tabarma, mace mai jiki da ta fara manyanta, ƙafar dama a miƙe, zani a tattare har gwiwa, kurkunun a naɗe a jikin tsinke. Tsagar gado ta Zamfarawa a kumatunta biyu, ga bille guda da ya gangaro daga karan hanci ta hagu, ga wushirya. A bayanta kuwa jere ne tun daga ƙasa har kusa da rufi: tasoshin tagulla da aka goge suna ɗaukar ido, languna masu fure, ƙorai, faya-fayai masu launi.

“Ke ce anka ce kina ɗaukar mutane ki sa ga takarda?” in ji Yelwa.

“Ni ce, Inna.”

“To zamna in ga ta inda za ki ɗauke ni. Maza biyu ba su ɗaga ni.”

Suka yi dariya. Dibora ta yi mata bayanin rijiya da mutanen ƙetare. Yelwa ta saurara, tana kore ƙuda daga ƙafar, sannan ta ce ita fa tun da aka kawo ta gidan nan, babu namijin da ya ga gwiwarta sai mai gidan.

“Inna, teku takardar za ta ƙetare. Babu namijin ƙasar nan da zai sa ta a ido. Ko mijina ba zai gani ba.”

“Mazan can fa?”

“Ba su san ki ba.”

“Wanda bai san ni ba, ya kalla ya gaji.” Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta karkaɗa awarwaron azurfar da ke hannunta. “Amma ki sa tasoshina. Duka. Kada a ce can matar Arzika a ƙasa take cin tuwo. Da kaɗi da man gyaɗa na tara su, ba gado ba ne.”

Dibora ta zana har rana ta yi tsaka. Da aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, Yelwa ta hana a zuba mata daban, ta jawo ta suka sa hannu a kwano ɗaya. Da ta ga zanen ta daɗe tana kallo, ta taɓa billenta da yatsa, ta taɓa na takarda, ta ce, “Allah ya shirye ki, ɗiyar Gusau. Har wushiryar.”

A ofis, Mai Laima ta ɗaga zanen wajen taga ta ce ba ta taɓa ganin aiki mai kyan wannan ba. Sannan ta ɗora yatsa a kan jeren.

“Amma wannan mace mai arziki ce. Mutanenmu ba za su ba mai arziki ba. Ki cire kwanoni.”

“Uwargida, ita ta ce a sa. Kuma kurkunun bai dubi tasoshinta ba da zai shiga.”

“Na sani. Su ba su sani ba. Ki cire. Da abin hannu. Hannun ma ya yi ƙiba, ki rage.”

Dibora ta yi gardama har ta ɗaga murya. Mai Laima ba ta ɗaga tata ba. Tambayarta kawai ta yi, yaran da suka gani a bakin tafki suna jan ƙafa, tasoshi za su sha ko ruwa? Ta ƙara da cewa ai Yelwa ba za ta taɓa ganin takardar ba, to wa aka cuta? Wannan maganar ta ƙarshe ce ta kayar da Dibora. Ta riga ta karce zanen duka a takardar kaki, don haka ta buɗe 'yar kwalbar jan ruwa, ta bi tasoshin ɗaya bayan ɗaya tana shafewa. Ta shafe awarwaro. Ta shafe hannu ta sake shi siriri. Da ta zo kan fuska ta rufe kwalbar. A ranta ta ce wannan kam ba za ta taɓa ba, ko da za a kore ta. Kakarta ma mai tsaga ce, ta san raba mutum da tsagarsa kamar korarsa ne daga gidan ubansa. Ta bar tsaga, ta bar bille, ta bar wushirya, tana ganin ta ceci wani abu. Mai Laima ko a jikinta, cewa ta yi ma mutanen can suna son irin wannan ado.

Saboda alkawarin da ta yi, Dibora ta hana Sama'ila kusantar inji ranar bugu. Ta kore shi waje, ta rufe ƙofa, ta kama hannun injin da kanta. Takardar farko da ta fito, a nan ta ga abin da Mai Laima ta buga da tafireta a ƙarƙashin zanen, da Turanci: wannan matar ba ta da kowa, ba ta da komai, sai ku. Ta karanta, ta sake karantawa. Ta ci gaba da juyawa da haushi. Ga shi ba ta saba ba, tawada ta yi yawa a wasu, wasu suka karkace, har lalatattun suka kusa kai masu kyan yawa. Masu kyan ta ɗaure su da kanta aka kai gidan waya. Lalatattun ta dura su a buhu, ta ɗinke bakinsa, ta kira Sama'ila.

“Akawu, wannan na wuta ne. Kada ka buɗe.”

“An gama, Maman Ladi. Ko ƙuda ba zai leƙa ba.”

Bayan an gama yankan gero, wata safiya ta aika aka sayo ƙosai wajen wata Lantana a bakin tasha. Tana juye shi a kwano ta ga ido yana kallonta ta cikin maiƙo. Ta shimfiɗa takardar. Yelwa ce, gwiwa a waje, mai ya jiƙe mata rabin fuska.

Ko ɗankwali ba ta tsaya ɗaurawa da kyau ba. Ta sami Sama'ila a bakin ofis yana shan koko, ta manna masa takardar a ƙirji.

“Wannan ita ce wutar?”

Ya duba, ya yi 'yar dariya. “Haba, Maman Ladi, takarda ce fa. Kullum haka ake yi. Abu mai amfani a ƙone shi, masu ƙunshi suna nema?”

“Na ce maka kada ka buɗe.”

“Ni ban buɗe ba, Allah yana gani. Yadda yake a ɗinke na bayar.”

“Allah yana gani, kai kuma ran Lahadi ka tsaya gaba kana ba da waƙa. Wa ka ba?”

Da ƙyar ya faɗa. Wani mai gishiri ne, Adamu, mutumin Tsafe, mai bin kasuwanni. Ya ɗiba ya rarraba wa masu ƙosai da 'yan koli a Gusau, ya tafi da sauran. Dibora ta san mutanen Kekun Waje kasuwar Bungudu suke ci. In takardar ta kai can, ta kai gidan Arzika.

Ta koma gida ta kwashe duk tsofaffin jaridun Yohanna da na maƙwabta, ta ɗaure a zani. Ta bi kasuwar Gusau rumfa rumfa, tana ba da jarida tana karɓar Yelwa. Wasu suka ba ta suna dariya, wasu suka ce sai ta faɗi wace ce. Wani mahauci ya ce ai shi ya ajiye guda a aljihu don matar ta yi masa kyau. Ta tsaya a gabansa, hannunta a miƙe, har ya gaji ya fito da ita. Washegari ta bar 'yarta Ladi wajen maƙwabciya ta hau motar gyaɗa zuwa Tsafe. Dutsen Kwatarkwashi ya wuce ba ta ɗaga kai ta dube shi ba. A Tsafe ta sami gidan Adamu, matarsa ta ce ai ya kwana biyu da fita, ya yi yamma da jakunansa, Bungudu zai ci.

Ta juya neman motar komawa. Ta zo gabas, shi ya yi yamma.

Ranar kasuwar Bungudu ta sauka daga mota hantsi ya riga ya ɗaga. Ba ta sha wahalar neman rumfar gishiri ba, domin mutane sun yi mata zobe. A tsakiya wani duba-gari ne, ma'aikacin tsabta, da rigarsa ta kaki, ya ɗaga takarda sama, yana jin daɗin an taru ana sauraron Turancinsa.

“Cewa aka yi, wannan matar ba ta da kowa, ba ta da komai.”

“Wace matar? Ai matar Arzika ce ta Kekun Waje,” in ji wata tsohuwa mai daddawa. “Ga tsagar gidansu nan, ga billenta. Ni na yi mata kitson aure.”

“Ashe Arzika ya mutu ba mu ji ba?” wani ya ce daga baya. Aka kwashe da dariya.

“Bai mutu ba, rumbunan ne fanko. Dubi hannunta. Yunwa yake gana mata yana yi mana babbar riga.”

Sai dariyar ta fara yankewa daga gefe guda. Arzika ne ya ratso, ya kawo gyaɗa kasuwa, ƙurar buhu a kafaɗarsa. Ya miƙa hannu, duba-gari ya ba shi takardar ba musu. Ya dube ta, ya ninke gida huɗu yadda gwiwar ta shige ciki. Da ya ɗaga kai, idonsa ya faɗa kan Dibora da ƙunshin jaridunta. Bai zage ta ba. Ta fi so da ya zage ta.

“Ke kinka shiga, ni ban shiga ba,” ya ce, ya miƙa mata takardar. “Ki tahi ki gaya mata da bakinki. Ni ban iyawa.”

Ta tsaya ta karɓe abin da ya rage wajen Adamu, amma tun safe yake ƙunsa gishiri, ya riga ya shiga ƙauyuka ta kowace hanya. Ta bi bayan jakin Arzika a ƙasa har Kekun Waje. Shi ya tsaya a zaure. Ita ta shiga.

Yelwa ta warke, tana tsaye a tsakar gida tana matsar ƙuli, awarwaronta yana ƙara. Ta ga Dibora ta washe baki.

“Ɗiyar Gusau. An kai ni ƙetaren? Sun ce mi?”

Dibora ta durƙusa ta miƙa mata takardar, ta faɗi inda aka same ta da wanda ya gani. Yelwa ta goge hannu a zani, ta buɗe. Ta daɗe tana kallo.

“Ni ce. Kin iya hannu.” Ta juya takardar baya, ta dawo da ita gaba. “Ina tasoshina?”

Dibora ta sunkuyar da kai.

“Na ce ina kinka kai su? Da safe na gan su ga bango. Nan ko babu ko ɗaya. Ɓarawo ya shiga takarda?”

“Ni na goge su, Inna.”

“Awarwarona?”

“Ni ce.”

“Wanga hannu kamar karan dawa, na wa ne?”

“An ce in rage, don su tausaya.”

“Su tausaya.” Ta ɗora yatsa a kan rubutun. “Wanga fa, mi ya ce?”

Dibora ta faɗa mata, ba ta rage ko kalma ba. Yelwa ta yi wata irin dariya da ta sa matan gidan suka leƙo daga ɗakuna.

“Ba ni da kowa. Wancan da ke tsaye zaure yana jin kunyar shigowa gidansa, baƙon wa ne? Samarin da ke ɗaure dawa bayan gida, wa ya haife su? Kin ce namijin ƙasar ga bai gani. Yau mai gishiri ya san gwiwata. Duba-gari ya san ta.”

“Inna, ban yi da nufi ba.”

“Ban tambaye ki nufi ba. Kin sa hannu ga kwanona.” Ta matso, ta sa takardar dab da idon Dibora. “Da fuskar ma kin goge, da wata ce can, ba ruwana da ita. Kin kwashe abin da na tara da hannuna, kin bar abin da za a gane ni da shi.”

Wannan maganar ita ce Dibora ta riƙa maimaita wa 'ya'yanta har ta mutu, da muryar Yelwa, da lafazinta.

“Abin da kinka buga wagga da shi, yana nan?”

“Yana nan, Inna.”

“To ya mutu. Shi kaɗai nike so gare ki. Kuma kada ki dawo ki gaya mani, ban son ganinki.”

Ta koma kan ƙulinta. Ba a ba Dibora ko ruwa ba.

A gida Yohanna ya lallashe ta. Ya ce abin da ya faru ya faru, ta bar shi ya kwanta, dukansu biyu a ofishin nan suke ci, ga Ladi, ga na ciki. Ta ce, “Baban Ladi, in tuwonka ne kake tsoro, ka ce ba ka san ni ba. Ba zan ji haushi ba.” Ya ce ba haka yake nufi ba. Ta ce ta san abin da yake nufi.

Da safe ta sami Mai Laima cikin fara'a. Ta ce ta ji abin da ya faru, kuma ta yi wa Sama'ila faɗa sosai, ba zai sake ba. Amma akwai labari mai daɗi: mutanen can ba su taɓa bayarwa kamar bana ba. Fuskar nan ta yi aiki. Baɗi za a sake sa ta, a ƙara mata girma, har a jikin ambulan.

“Faɗa kika yi masa,” in ji Dibora.

“Na yi baƙin ciki, Dibora, da gaske. Amma ki tuna yara nawa za su taka ƙafa lafiya saboda wannan mata.”

“Sunanta Yelwa. Da an gaya mata haka, an bar mata tasoshinta, wataƙila da bakinta za ta ce a buga. Ba a tambaye ta ba. Uwargida, in kin koma garinku, ki ba ni uwarki in zana ta ba takalmi, in rubuta ba ta da kowa, in ba mahauci ya ƙunsa nama. Kin yarda?”

Fuskar Mai Laima ta yi ja. Ta ce wannan ba daidai ba ne.

“Ni ma haka na gani.”

Dibora ta wuce ɗakin inji. Takardar kakin tana cikin kabad, an adana ta tsakanin jaridu don baɗi. Ta shimfiɗa ta a tebur, ta buɗe kwalbar jan ruwa, ta juye ta duka a kan fuskar, ta bi da tafin hannu har tsaga da bille da wushirya suka toshe. Mai Laima tana bakin ƙofa tana cewa wannan kayan ƙungiya ne. Dibora ta naɗe takardar, ta ɗauko zanen fensir na asali, wanda tasoshin suke ciki cif, ta haɗa da duk abin da ta tsinto a kasuwanni, ta fita bayan ofis inda ake ƙona shara. Sama'ila yana zaune a wurin. Ta ce ya ba ta ashana. Ya ba ta.

Zanen fensir ɗin shi ne ta yi jinkiri a kansa. Shi ne mafi kyan abin da hannunta ya taɓa yi, kuma shi kaɗai ne bai yi ƙarya ba. Amma gwiwar tana ciki. Ta jefa. Shi ya sa a zuriyarta babu wanda ya taɓa ganinsa.

Ba ta jira a kore ta ba. Yohanna ya ci gaba da tuƙi, shi ne ma ya kai sumuntin rijiyar Kekun Waje. Sama'ila bai bar kujerarsa ba sai da ƙungiyar ta tashi. An haƙa rijiya, ruwanta mai daɗi, kurkunu kuma ya ragu ƙwarai a ƙauyen. Dibora ba ta taɓa musun wannan ba, in aka kawo zancen takan ce, “Rijiya ta yi amfani, ban ce ba ta yi ba,” sannan ta yi tsaki. Arzika kuwa ya kira gayya ya haƙa tasa a cikin gida. An ce har Yelwa ta rasu ba ta ɗanɗana ruwan ta ƙungiya ba, ko a gidan biki sai ta tambayi daga inda aka ɗebo.

Dibora ta koma zanen hula da matasan kai, furanni da taurari da 'yan kaji, da shi ta taimaka aka yi wa yara makaranta. Fuska kam ba ta sake zanawa ba. 'Ya'yanta sun yi roƙo, sun yi kuka, ko Ladi ranar aurenta ba ta samu ba. Kowace kaka takan ba Yohanna sabulu da turare ya kai wa Yelwa a Kekun Waje in hanya ta bi da shi. Yakan dawo da su yadda aka ɗaure.

Akwai mai cewa dube-duben takardar nan da take yi ya wuce hankali, ai tuni ruwa da gara sun cinye sauran. To, a shekarar 1959, a ƙunshin kanwa da aka sayo nan cikin Gusau, ta sami guda. Ta yi ja, gefenta ya zagwanye, rubutun ya dushe, amma billen yana nan. Ta sa ta a murhu ta tsaya a kai da muciya har ta zama toka. Sannan ta dubi Ladi, wadda ta kawo kanwar, ta ce ta ɗauko mata mayafi, za su koma wajen mai kanwar su ga ko akwai saura.